Saniyar da Addi Ya Dirje

Ni Ijja ban iya kwana-kwana ba. Awakina na mutuwa da ƙishirwa, ruwa kuwa ga shi can ina hangensa ta cikin shingen waya.

A bayan ƙauyenmu akwai falalen dutse da mutanen farko suka sassaƙa wa shanu da giwaye da jiminai. Ƙarƙashin babbar saniyar akwai kwarmin da ke riƙe ruwan sama har tsakiyar rani. Tun kakanninmu, macen da akuyarta ta haihu takan shafa wa ƙahon saniyar nan man farko da ta kaɗa. Ba mu taɓa jin dutsen ya koka ba.

Sai hukuma ta kewaye wurin, ta ba Addi, ɗan ƙanena, gadi da hula. Da aka ce manya za su zo daga birni, ya dubi maiƙon ya ji kunya. Ya kwaso yashi da soson ƙarfe ya dirje saniyar kamar tukunyar biki. Baƙin dutsen ya fita, ƙahon ya bi shi. Ina kiwo a kan tudu, da idona na gani.

Manya suka zo, wata mai tabarau ta dafe kai. Addi ya ce man mata ne ya cinye zanen. A ranar aka garƙame ƙofa.

Tun daga nan zama ya gagare ni. Na je wajen mai unguwa, ya ce sai ƙa'idi, wato hakimin yankinmu. Ƙa'idi ya ba ni shayi ya ce in dawo bayan kasuwa. Na dawo, wai ya tafi jana'iza. Na koma gida na tarar da jar akuyata ta miƙe ƙafa.

Addi ya tare ni a hanya, ido a ƙasa. "Gwaggo, ki rufa min asiri. Da aikin nan nake ci da yara."

Na ce, "Ni na goya ka, mai kunnen jaki. Asirinka zan zuba wa awaki su sha?"

Ya ce zai riƙa kawo min ruwa a jarka. Ya kawo sau ɗaya.

Da mai tabarau ta dawo da masu awo, na ratsa tsakiyarsu da sandata. Na ce ta shafa wurin da hannunta, mai ba ya barin karce. Ta shafa, ta tambayi wanda ya yi. Addi yana tsaye a gefena, ina jin numfashinsa. Na faɗi sunansa.

An karɓe hular, an buɗe wa dabbobi ƙofa safe da yamma. Man kuwa an hana, kuma ba wanda ya ba matan ƙauye haƙuri kan ƙazafin. Ƙanena ya daina amsa gaisuwata. Awakin da suka rage suna sha, ni kuma jibi zan koma wajen ƙa'idi, don maganar ba ta ƙare ba.