Yinin Zaɓen 'Ya'ya

Har gari ya fara wayewa Desmond Halvorsen bai runtsa ba. Tambaya ɗaya ce take cin ransa: shin don Octavia yake wannan fushin, ko kuwa don kansa?

Bai daɗe da zama shugaban Gidan Maple ba, ƙungiyar da ke nema wa yaran da hukuma ta raba da iyayensu iyaye na dindindin. Ya tarar da wata al'ada da ta girme shi. Kowace bazara akan kwashi yaran zuwa filin shaƙatawa na bakin tafki, a gasa nama, a kunna kiɗa, a sanya wa kowannensu riga rawaya mai ɗauke da sunansa a ƙirji. Sai a gayyato ma'auratan da aka tantance, su riƙa zagayawa da faranti a hannu suna kallo. Su kuwa yaran, ce musu ake yi ranar wasa ce kawai.

Octavia shekararta goma sha huɗu, kuma tun tana ƙarama ake kai ta. Shekaranjiya ta tare shi a ƙofar ofis.

"Mista Halvorsen, bana murmushi zan yi ko in haɗe rai? Bara na yi ta washe baki har kumatuna suka yi ciwo. Wata mata ta shafa mini kai, ta tambaye ni ina ƙananan suke."

"Ranar wasa ce, Octavia," ya ce, kunyar bakinsa tana kama shi.

"Haba, Mista! Mu fa ba jarirai ba ne. Ni dai don Allah kada a sake kai ni."

Yau ce ranar zuwa filin. Da sassafe ya isa ofis. Ya tarar da Madam Loretta Vandermolen, shugabar kwamitin amintattu, tana loda kwalayen lemo a bayan motarta. Ta haura saba'in, amma ƙarfinta yana nan.

"Kai, ɗana, wannan ido naka kamar garwashi! Zo ka kama mini."

Bai kama ba. "Madam, Octavia ta ce ba ta son zuwa."

"Wace yarinya ce mai shekarunta take son wani abu? Ɗauko kwalin can."

"Shekara da shekaru ana tsayar da ita a rana ana duba ta, a wuce ta. Da yamma a mayar da ita gida, kowa ya yi kamar ba abin da ya faru. Mu ne kuma muke yi mata ƙarya cewa wasa ne. Ni kaina na yi mata!"

Madam Loretta ta ajiye kwalin, ta dube shi ta saman tabarau. "Ka gama? To saurara, mai digiri. A wannan filin na ga Wendell ɗina yana zaune shi kaɗai a ƙarƙashin bishiya, shekararsa goma sha uku. In takardar bayaninsa za a duba, babu mai ɗaukarsa, sai da na ga yadda yake raba burodinsa da agwagi na ɗauke shi. Yau 'ya'yansa uku. Yarinyar nan lokaci yana ƙure mata. In ta kai goma sha takwas ba uwa ba uba, kai za ka riƙe ta?"

"Wendell ɗaya ne. Sauran da suka koma a motar ƙungiya suna kuka fa?"

"Kwamiti ya yanke cewa kowane yaro zai je. In ka cire ta, ranar Litinin za mu zauna a kanka, kuma ba zan kare ka ba."

Ta shiga mota ta tafi. Desmond ya tsaya a wurin. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne cewa matar ba muguwa ba ce, kuma mai yiwuwa gaskiyarta ne. Wataƙila yau ce ranar da wata za ta hango Octavia ta ji ta kwanta mata a rai. Amma ya tuna taron kwamitin da aka yi: an yi gardama mai tsawo a kan irin naman da za a gasa, an tattauna ko ruwan sama zai sauko, ba a samu mutum ɗaya da ya ce a tambayi yaran ba. Shi ma yana zaune a wurin, ya ɗaga hannu tare da kowa.

Ya tuƙa motarsa zuwa gidan Darlene Pruitt, matar da ke riƙon Octavia. Yarinyar tana zaune a kan matakalar ƙofa, an gyara mata gashi, ta haɗe rai tamau.

"Sun turo babba da kansa ya kamo ni?" ta ce.

"Na zo in tambaye ki ne ko za ki je. Ba wasa ake zuwa yi ba, kin riga kin sani, kuma na yi kuskure da na ce miki wasa ne. Mai yiwuwa yau wani ya zaɓe ki. Ba zan ɓoye miki wannan ba."

"Mai yiwuwa," ta maimaita, tana murguɗa baki. "In wani yana so na, ya zo nan ya ƙwanƙwasa ƙofa ya gaishe ni kamar mutum. Ba zan je ba."

Darlene ta leƙo ta taga. "Mista Halvorsen, ka san tsohuwar nan za ta cinye ka ɗanye ko?"

"Na sani."

Motar ƙungiya ta shawo kwana, cike da yara, ta tsaya a bakin titi. Direban, Reuben, ya danna hon. Octavia ta ƙanƙame gwiwoyinta.

Desmond ya taka har wurin tagar direban. "Ka wuce, Reuben. Babu mai shiga a nan."

"An ce mini in ɗauke ta, shugaba."

"Ni na ce ka wuce. In an tambaye ka, ka faɗi sunana."

Reuben ya ɗaga kafaɗa, ya ja mota. Desmond ya dawo ya zauna a matakala ta ƙasa, ya kashe wayarsa da ta fara ruri. Darlene ta buɗe ƙofa ta tambaye su ko akwai mai cin ƙwai.