Baƙin Sanyi

Zakiyya na tsaye a tsakar gida, ta ɗaga waya sama tana juyawa gabas da yamma, sai Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Ki tafi zauren Baffanki. Can ne kaɗai sabis yake zama. Nan sai dai ya leƙo ya koma."

Jiya da yamma ta iso Ɗorawar Tudu daga Kano, saboda sunan ɗan ƙaninta. Da so samu ne da ta ɗage zuwan, domin yau bayan azahar take da zaman da ba a taɓa saka ta a irinsa ba. Malama ce a jami'a, aikinta binciken yadda abubuwa ke sauya hali idan aka sanyaya su har su wuce ƙanƙara nesa ba kusa ba. Masu irin wannan bincike na duniya suna haɗuwa bayan 'yan shekaru, kuma bana an saka ta a kwamitin da zai zaɓi birnin da za a yi taron. Ita ce ƙarama a cikinsu, ita kaɗai ce daga Afirka. Ta taɓa ba da shawarar Kano, aka cire tun zagayen farko saboda wutar lantarki. Birane biyu suka rage, ɗaya a arewacin Turai, ɗaya a gabashin Asiya, yau kuma za a kaɗa ƙuri'a ta kwamfuta.

Ta yafa mayafi, ta rungumi kwamfutar ta fita. A ƙofar gida ta tarar da mata zaune a jere kan tabarma.

"Dakta, sannu da zuwa," in ji Iya Safiyatu, tsohuwar maƙwabciyarsu, tana shafa gwiwa. "Ni a nan yake kama ni, musamman da damina."

"Me ke kama ki, Iya?"

"Sanyi mana. An ce manyan likitocinsa na duniya za ki kawo mana. Na ce bari in riga mutanen Ɗorawar Kwari."

"Iya, ba irin wannan sanyin ba ne. Namu sanyi ne wanda ko iska idan ta shiga cikinsa sai ta zama ruwa."

Iya Safiyatu ta juya ta dubi sauran matan. "Kun ji ko? Shi ne dai nawa."

Zakiyya ta ce tana zuwa, ta yi gaba. Sai yanzu da rana ta ga abin da duhun magariba ya ɓoye mata jiya. An cike ramukan hanya da jar ƙasa. Makarantar firamare ta sha sabon fenti, shuɗi mai ɗaukar ido, har da jikin itacen darbejiya. Ta tuna wayar da suka yi da Baffa Basiru da bazara, yana gona, murya na yankewa. Ta ce masa taro, ta ce duniya, ta ce Kano, ta ce tana cikin masu zaɓa. Da aka cire Kano ba ta sake tayar da maganar ba, don ba ta ɗauka ya riƙe ta ba.

Baffa Basiru shi ne mai unguwar Tudu, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta, shi ya tsaya kai da fata ta yi karatu lokacin da ake ta yi masa surutu. Ta same shi a zaure cikin babbar rigar da ba ya sakawa sai da salla. Dattawan Tudu na zaune a damansa. A hagu kuwa Alhaji Tasi'u ne, mai unguwar Ɗorawar Kwari, da nasa mutanen. Rafi ɗaya ne ya raba garuruwan biyu, amma tun Zakiyya na ƙarama ba ta taɓa ganin an kawo ko rijiya ba tare da an yi rigimar gefen da za a haƙa ta ba.

Ta durƙusa ta gaishe su. Ba ta gama miƙewa ba Alhaji Tasi'u ya gyara murya.

"'Yata, mun zo a kan maganar baƙi. Taron sanyi dai ai inda sanyi yake ake kai shi. Mu ne a bakin ruwa. Ki shiga lambunmu da tsakar rana, sai kin nemi bargo."

"Yarinyar tamu ce," in ji Baffa.

"Uwarta 'yar Kwari ce."

"An auro ta!"

"Baffa, Alhaji, don Allah ku saurare ni," in ji Zakiyya. "Mutanen nan sun fi dubu. Otal suke bukata, da filin jirgi, da wutar da ba ta ɗaukewa."

"Dubu?" Baffa ya yi dariya. "Da Mauludin bara mutum nawa muka sauka? Wa ya kwana da yunwa? Janareta kuwa mun yi magana da mai injin niƙa."

Ta duba agogo. Lokaci ya yi. Ta zauna a kan buhun masara a lungun da sabis yake, ta ɗora kwamfutar a kan turmi da aka kife, ta roƙe su su yi shiru. Kafin fuskoki su gama bayyana a allon, zauren gaba ɗaya ya dawo bayanta, huluna na gogar juna.

Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai farin gashi, ta buɗe zaman, ta ambaci biranen biyu.

"Me ta ce?" Baffa ya tambaya a kunnenta.

Zakiyya ta tabbatar an kashe makirufo, ta faɗa masa sunayen.

"To Ɗorawa fa?"

Ta juyo ta dube shi. Babu sauran hanyar kewaye. "Baffa, babu Ɗorawa. Ko Kano ma an cire ta tuntuni. Laifina ne da ban sanar da kai ba."

Baffa ya sunkuyar da kai yana kallon aikin da ke gaban rigarsa. Shi ya bi gida-gida ya sa matasa ɗebo jar ƙasa, shi ya tsaya bayan sallar Juma'a ya yi sanarwa. Wani daga mutanen Kwari ya yi tari irin wanda ba na mura ba. Zakiyya ta ji kamar ta rufe kwamfutar ta fice, ta bar musu duniyar da taronta.

Sai ga wata murya ta tashi daga allon da ƙarfi. Wani farfesa ne mai sanƙo, wakilin birnin Turai, fuskarsa ta yi ja, yana nuna yatsa.

"Wannan kuma me aka yi masa?" in ji Alhaji Tasi'u.

"Cewa yake a garinsu aka fara wannan ilimin, ɗakin bincikensu ya girmi na kowa. Kuma a zaman baya an yi musu alkawari."

Baffa ya ɗago kai a hankali. "An yi musu alkawari?"

"Haka ya ce."

"To ai magana ta ƙare. Babba babba ne. Su ne tushe, kamar yadda Tudu take tushe."

Wani farfesa mai tabarau, wakilin birnin Asiya, ya karɓa. Shi ba ya ɗaga murya, murmushi yake yi, amma kowa ya ga murmushin na faɗa ne. Zakiyya ta fassara: ya ce kullum Turai, kullum Turai, kamar sauran duniya ba ta da firji. Sun gina sabon zauren taro, sun kuma tanadi masaukin ɗalibai.

Alhaji Tasi'u ya buga cinya. "Allah ya yi maka albarka, Mai Tabarau! Makaranta Tudu, asibiti Tudu, rumfar zaɓe Tudu. Mu ba mutane ba ne?"

Daga nan aka raba gari. Duk lokacin da Mai Sanƙo ya buɗe baki, dattawan Tudu sai su gyaɗa kai tun kafin a fassara. Idan Mai Tabarau ya yi magana, mutanen Kwari su ce, "Gaskiya ne." Mai Sanƙo ya ce da rani garin su Mai Tabarau zafi kamar tanda. Mai Tabarau ya ce a taron da aka yi a Turai an ba mutane gurasa busasshiya kwana da kwanaki. Wani dattijon Tudu ya ce wannan cin fuska ne, ba a gori da abinci. Zakiyya na ƙoƙarin bin muhawarar da kunne ɗaya, tana fassara da baki, gumi na bin bayanta.

Mai Tabarau ya ce shi bai san da wani alkawari ba. Zakiyya ta fassara, gwiwar hannun wani ta taɓa kwamfutar, makirufo ya buɗe, daidai lokacin da Baffa ya daka tsawa: "Ƙarya yake yi!"

Duk fuskokin da ke allon suka tsaya cak. Shugabar ta matso kusa. "Dakta Zakiyya, akwai wanda ke son magana a wajenki?"

Zakiyya ta ce tana ƙauyensu ne, dattawan gari ne suke bin zaman da sha'awa. Ta ɗan karkata allon. Shugabar ta ga huluna cike da zaure, ta yi dariya har da dafa ƙirji, ta ɗaga musu hannu. Baffa ya dunƙule hannu ya jinjina wa Mai Sanƙo. Mai Sanƙo ya rasa abin yi, shi ma ya jinjina.

Aka zo ƙuri'a. Ana kiran suna, mutum ya faɗi zaɓinsa. Zauren ya koyi sunayen biranen, ba a bukatar fassara kuma. Aka yi kunnen doki, saura mutum ɗaya, wadda sunanta ke ƙarshen baƙaƙe.

Tun makon jiya Zakiyya ta gama yanke shawara. Ta karanta takardun biranen biyu, ta san ɗalibanta ba za su iya kwana ko ɗaya a otal ɗin Turai ba, ga shi ɗaya birnin ya ba da ɗakunan kwanan jami'a. A Kano abin ya zo mata da sauƙi. A nan kuwa numfashin Baffa take ji a kafaɗarta, mutumin da ta riga ta kunyata sau ɗaya yau a gaban Alhaji Tasi'u.

"Dakta Zakiyya?" in ji shugabar.

Ta faɗi sunan birnin Mai Tabarau.

Mutanen Kwari suka ɓarke da kabbara. Alhaji Tasi'u ya bi mutanensa yana ba su hannu ɗaya bayan ɗaya. Baffa ya koma kan buzunsa ya zauna.

Ta kashe makirufo ta matsa kusa da shi. "Baffa, saboda ɗalibai ne. Can suna da wurin kwana. Yaran talakawa irina za su iya zuwa."

Ya daɗe yana jan carbi. "Jinin uwarki ne ya motsa," ya ce. Can kuma ya ƙara, ba tare da ya dube ta ba, "Amma in don yara ne, Mai Sanƙo ya yi haƙuri. Ki ce masa haka abin yake, mu ma an yi mana."

Ta koma gaban allon don a yi sallama. Shugabar ta ce saura magana ɗaya. Kwamitin ya ji ba daɗi da aka cire Afirka tun farko, don haka suna so kafin babban taron a yi wa ɗalibai 'yar makaranta ta mako biyu, mutum kamar talatin, allo da alli kawai, ba a bukatar injuna. Ta ce ganin waɗannan dattawa ya ba ta sha'awa. "Ki samo mana wuri a wajen Kano, ba cikin birni ba, inda babu hayaniya. Zaɓin naki ne ke kaɗai."

Zakiyya ta yi godiya, ta rufe kwamfutar a hankali.

"Me tsohuwar ta ce?" in ji Alhaji Tasi'u.

"Ta ce a gaishe ku."

"Muna amsawa."

Ta miƙe, ta rungumi kwamfutar, ta nufi ƙofa. Saura taku kaɗan ta fita Baffa ya kira sunanta.

"Zakiyya. Ni ba na jin Turanci." Ya ajiye carbin a gefe, ya gyara zaman hularsa. "Amma Kano dai na ji ta da kunnena."

Alhaji Tasi'u, da ya riga ya saka takalmi ƙafa ɗaya, ya cire shi, ya dawo ya zauna.