Kwanon Kalla

Masu shan shayin Zangon Wagadugu ne suka ja wa Iliya. Wai da nauyinsu ɗaya, Iliya, siririn ɗan damben unguwa, sai ya kayar da Kalla, ƙaton direban nan mai dambe a ajin manya.

Washegari sai ga Kalla a ƙofar gidan Iliya, riƙe da kwanon shinkafa da wake.

"Ci, ƙanena," in ji Kalla. "Ni na daina cin tuwon dare. Mu haɗu a tsakiya."

Kullum kwanon sai ya zo. Iliya ko taɓawa ba ya yi. Ran Juma'a ya hango Kalla a sahun gaba a masallaci. Rigar Kalla ta fara yi masa yawa.