Bakin Malami a Filin Gasa

Shekara da shekaru yana koyar da wasan golf a wani ƙaramin kulob, yana gyara wa masu tumbi riƙon sanda, kowa Malam yake ce masa. Sai bana ya samu gurbi a gasar manyan 'yan wasa. Kowannensu da mai horar da shi da mai yi masa tausa. Shi kuwa daga shi sai jakarsa, sai ɗan dakon haya da ko sunansa bai riƙe ba.

A rana ta biyu ake tankaɗe, rabi su wuce, rabi su koma gida. Malam yana cikin masu wucewa, amma da ƙyar. Wanda aka haɗa su zagaya fili tare, wani dogo da tun safe bai ko dube shi ba, ya sake kuskure, ya cilla ƙwallo cikin doguwar ciyawar gefen fili. Kafin Malam ya ankara, bakinsa ya riga shi.

"Ɗan'uwa, kafaɗarka ce ke saurin buɗewa. Ɗan riƙe ta."

Sai a lokacin dogon ya dube shi. "Baba, nan fa ba aji ba ne."

A gasa, bai wa abokin hamayya shawara laifi ne. Alƙalin wasa ya ɗora wa Malam bugu biyu na horo. A golf mai ƙarancin bugu ne ke gaba, su ne kuwa suka fitar da shi.

Yana zaune a bayan motarsa yana kwance takalmi, waya ta yi ƙara. Ya ɗauka da sauri, ya zaci matarsa ce. Ashe wani ɗan kulob ne.

"Malam, ina ka shige ne kwana biyu? Ƙwallona har yanzu dama yake karkata. Gobe kana nan?"

"Ina nan," in ji Malam.