Malama Heslop Za Ta Shiga Teku

Keith Dodds ya tarar da ita zaune a gindin matakala, ta ɗora babbar rigar sanyi a kan kayan iyo, sanda a tsakanin gwiwoyinta. Shi maƙwabcinta ne, madara kawai ya kawo mata.

"Je ka tayar da motarka," in ji Malama Heslop, "kada su shiga ruwa babu ni."

Ranar farko ce ta sabuwar shekara, ranar da mutanen garin ke rugawa cikin teku a tsakiyar hunturu. Tun tana budurwa ba ta taɓa fashi ba. Amma bana asibiti sun sallamo ta ne don babu sauran maganin da zai yi mata, kuma nas ta ja wa Keith kunne cewa ko ƙofar gida kada ta leƙa. Keith kuwa mutum ne da ko 'ya'yansa bai taɓa bari su shiga wannan ruwan ba.

Ya ce mata hanya akwai santsi. Ya ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Daga ƙarshe ya faɗi gaskiyar abin da ke cinsa: in ta mutu a motarsa, me zai ce wa ɗanta da ke Kanada?

"Ka ce masa na fi ƙarfinka. Ya san hali."

Ita ta koyar da Keith a makaranta kafin ya bari ya koma tuƙin bas, kuma har yau in ta kafe shi da ido sai ya ji kamar bai yi aikin gida ba. Ta nuna rediyon da ke ta surutun alkawuran sabuwar shekara. Ta ce kalmar da suke ta maimaitawa, resolution, kowa ya ɗauka ɗaure zuciya take nufi, alhali daga Latin ta fito, kuma asalinta kwance ƙulli ne.

"Ni na kwance nawa tun a gadon asibiti. Kai ne har yanzu a ɗaure, ɗan nan."

Ya tsallaka gida ya gaya wa matarsa Lorraine, yana fatan ta hana. Lorraine ta ci gaba da cika fulas da shayi, ta ce in bai kai ta ba tsohuwar nan da rarrafe za ta tafi.

Ya yi tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, har Malama ta tambaye shi ko gawa ya riga ya ɗauko. A bakin teku mutane sun cika, wasu da hular Kirsimeti, wani ƙato sanye da rigar amarya. Da suka gan ta sai suka buɗe hanya, ana ta kiran sunanta.

Keken guragun da ya turo ta a ciki ya kafe a yashi. Keith ya tsaya, ya dubi ruwan, ya dubi motar. Sannan ya sunkuya ya ɗauke ta. Ba ta fi nauyin kwandon wanki ba. Ya shiga da takalmansa har gwiwa, sanyin ya sare shi, ya sassauta hannu har ƙafafunta suka nutse.

Ta ja numfashi da ƙarfi, ta damƙe wuyan rigarsa.

"Ƙara gaba kaɗan, matsoraci," ta ce.

Ya ƙara.

A hanyar komawa ta sha shayi rabin kofi, ta yi barci da bargo har haɓa. Keith yana tuƙi yana sauraron numfashinta a duk inda danja ta tsayar da shi.

Ba a motarsa ta mutu ba. A gadonta ta cika, cikin makon nan, ɗanta da ya iso daga Kanada na riƙe da hannunta.

Ranar Asabar Keith ya fito wanke mota kamar kullum. Ya goge gilashi, ya kakkaɓe kujerun baya. Da ya buɗe ƙofar gaba sai ya ga yashi a shimfiɗar ƙasa, inda ta ajiye ƙafafunta. Ya daɗe a tsaye da buroshi a hannu, sannan ya mayar da ƙofar a hankali.