Kafaɗar Hagu

Mai ɗinki tana tsakiyar haɗa hannun rigar mawaƙan coci sai 'yarta Auta ta shigo shagon, ta ajiye leda a kan teburin yanka, ta tsaya tana wasa da almakashi.

"Mama, wani ne ya ce a rage masa riguna. Sun yi masa yawa."

"Wanin nan ba shi da ƙafa ne?" Mai ɗinkin ba ta tsayar da keken ba. "Ajiye min almakashi, ba na wasa ba ne."

Sai da ta kai ƙarshen layi ta zaro farar riga daga ledar, ta juya cikinta kamar yadda take yi wa duk ɗinkin da aka kawo. An sauke kafaɗar hagu da faɗin yatsa ɗaya. Aikin hannunta ne. Mutum ɗaya ta taɓa yi wa haka: mijinta, wanda kafaɗarsa ta karkace tun yana saurayi, wanda shekara tara da suka wuce ya kwashe kayansa ya bi wata abokiyar aikinsa, ya bar ta da 'ya'ya uku.

Ta ninke rigar, ta mayar.

"Ni za ki yi wa wayo? Ko a makance na san ɗinkina."

"Baba yana asibiti, Mama," in ji Auta. "Waccan ta tafi tun bara. Likita ya ce mu daina lissafin watanni. Ran Lahadi fasto zai kawo masa jibin Ubangiji, ba ya son a same shi cikin riga kamar buhu."

"Teloli sun ƙare a garin?"

"Na kai wa biyu. Duk sun daidaita kafaɗun, wuyan yana shaƙe shi."

Mai ɗinkin ta ɗauki zare za ta zura a allura. Sau uku yana kucce mata.

"Kusa da ke nake tsayawa a coci," in ji Auta a hankali. "In aka zo addu'ar Ubangiji, wurin yafe wa masu laifi, sai ki yi shiru har mu wuce. Tun ina 'yar firamare nake ji."

"Ba na son in yi wa Allah ƙarya, shi ya sa."

"To, ki rage kawai. Yatsa huɗu kowane gefe, ina ga zai isa."

"Kina ga?" Ta juyo ta dube ta. "Yaushe kika ga na yanka yadi da ka?"

Ta ajiye allurar. Can ta miƙe, ta rataya tef ɗin awo a wuya, ta ce Auta ta jawo ƙofar shago.

A asibiti, a ɗakin maza, sai da Auta ta nuna mata gadon. Da ita kaɗai ce, da ta wuce shi. Mutumin da a dā yake cika bakin ƙofa yana jingine da matashi biyu, agogonsa ya gangaro har gwiwar hannu.

"Maman yara," ya ce. "Ban isa in roƙe ki ba."

"Ɗaga hannu."

Ya gwada, hannun ya ƙi. Ta ɗaga masa da kanta, ta zagaya tef ɗin a ƙirjinsa. Arba'in da biyu ta sani, ba ta taɓa buƙatar rubutawa ba. Yau talatin da uku. Ta sake aunawa, ko ita ce ta yi kuskure. Bai canja ba.

"Na cuce ki. Na cuci yaran."

"Ka cuce mu," ta ce. "Daina motsi."

Hawayensa na ɗiga a bayan hannunta, ba ta share ba. Ta auna wuya, ta auna tsawon hannu, sannan ta ɗora yatsa a kafaɗar hagu. Faɗin yatsa ɗaya, yadda ta bar shi.

"Abin da kake son ji, bakina bai iya faɗa ba tukuna," ta ce. "Na sani Yesu bai jira an roƙe shi ba. Ni na jira shekara tara, ga shi an roƙa, har yanzu da nauyi." Ta naɗe tef ɗin. "Rigar dai za ta zo ran Lahadi."

A baranda ta tsaya, ta dafa bango.

"Auta."

"Na'am, Mama."

"Ran Lahadi, in fasto ya kai wurin yafewar nan a addu'a, ki riƙe min hannu."