Direba da Ɗan Baburinsa a Babban Titi

Shekara talatin da shida Direba ya yi yana jan tirela, da ya ajiye aiki sai ya je ya sayo babur. Ba kuma irin wanda aka saba gani ba. Wani ɗan gajere ne baƙi, sirdinsa a ƙasa, hannuwansa a sama kamar ƙahon sa, wurin ɗora ƙafa can gaba, in mutum ya hau sai ka ce ya zauna a kujerar mai aski yana jiran gyaran fuska. Ga ƙarfe na ƙyalli ko'ina. Ga ƙara, in ya tayar da shi da safe sai kajin maƙwabta sun watse. Amma injin da ke ciki, bakaniken bakin layi ya leƙa ya ce kaɗan ya ɗara na markaɗe.

Mama, matarsa, ba ta hana shi ba. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a kan hanya, in ya dawo ya zauna maka a tsakar gida, da kanka za ka roƙar masa Allah ya ba shi abin yi. Wata ukun farko sau huɗu yana kwance mata famfo, famfon da lafiyarsa ƙalau. Da babur ya zo, famfo ya huta.

Rigima ta taso ne da yayar Direba ta kwanta ciwo. Tana wani gari, tafiyar awa ɗaya da rabi a babban titin da manyan motoci ke bi. Direba ya shiga zuwa duba ta kowace Asabar a kan ɗan baburin nan. Labari ya kai kunnen 'ya'ya, sai ga su a falo: babban, wanda ake kira Manaja saboda yana riƙe da shagon waya, da ƙanwarsa Nas, ko kayan aikin asibiti ba ta cire ba.

"Baba, wannan abin na zuwa kasuwa ne," in ji Manaja. "Titin nan ɗari da ashirin motoci suke yi. Shi nawa yake yi?"

"Yana yin abin da na ce ya yi."

"Nawa dai, Baba?"

Direba ya sosa gemu. "Ɗari. In iska tana bayansa."

"In kuma tana gabansa fa?"

"Sai mu gaisa."

Nas ba ta yi dariya ba. Ta ce ita take karɓar waɗanda ake kwasowa daga titin nan, kuma ba ta so wata rana ta ɗaga mayafi ta ga fuskar da ta sani. Manaja ya ce a ba shi makullin, shi zai riƙa turo mota ana kai Baba ana dawo da shi.

"A kai ni," Direba ya maimaita. "Kamar buhu."

Ya zaro makullin ya jujjuya shi, sai ya tsallake hannun ɗansa ya ajiye a cinyar Mama. "Ga uwarku nan. In ta ce a ajiye, na ajiye."

Mama kuwa tun kafin su zo ta gama yanke hukunci. Tsoho mai jikoki tara, me ya kai shi tsere da tirela a kan injin markaɗe? Amma ta san mijinta. In ta hana shi daga kan kujera, har ranar mutuwarsa zai riƙa cewa ba ta gani ba ta yanke. Sai ta ce, "Asabar zan hau. In mun isa sai in faɗa." Manaja ya ce to shi zai bi su a baya da mota.

Ranar Asabar da hantsi ta fito da kular abincin marar lafiya, ta tarar da shi yana zagaya babur da ɗan guntun ƙarfe. Ya ƙwanƙwasa tayar gaba ya kasa kunne. Ya ƙwanƙwasa ta baya ya kasa kunne. Ya sake dawowa ta gaba.

"Biyu ne fa, Direba," ta ce. "Jiya ma biyu ne."

Ya ɗaure kular da roba, ya kifa mata hular kwano a kan ɗankwali, ya ɗaure mata igiyar a haɓa da kansa. Ya sa ta tattare zaninta ta danne da gwiwa, ya duƙa ya duba ko wani gefen zanin na lilo kusa da taya. Ya ce, "In na taɓa miki gwiwa, ki manne da bayana. In na karkata, ki karkata. Kada ki taya ni tuƙi."

"Baki fa?"

"Shi ma."

Kwanar farko ta fita daga layi sai da ta danne dariya. Ya buɗe can tsakiyar hanya ya yi wani dogon zagaye kafin ya karya, yana leƙen madubi, kamar akwai bodi mai taya goma sha takwas yana biye da shi. Ba kowa a bayansa sai ita da kula.

Dariyar ta ƙare a bakin babban titi. Motoci na wucewa fuu, fuu, ƙasa na rawa. Ta zata zai kutsa ne da ƙarfin tsiya. Ya tsaya yana kallo, leɓensa na motsi, ya bar wuri ɗaya ya wuce, ya bar na biyu, wanda ita ta ga ai ko jaki ya isa ya shiga. A na uku ya murza totur, ɗan baburin ya yi gurnani, sai ga su a kan layi kamar dama da su aka taho.

Ita ba ta san karatun maleji ba, da iska take aunawa. Iskar nan ta cika mata riga, ta sa mata hawaye. To in wannan ne rashin gudun, ita dai ya ishe ta. Amma ƙananan motoci sai wuce su suke kamar suna tsaye.

Can ya taɓa mata gwiwa. Ba ta ga komai ba, amma ta manne. Ya ɗan matsa gefe, ya miƙa hannun hagu ƙasa ya kaɗa. Sai ga tirela ta taso daga baya, bango guda, tayoyinta sun fi su tsawo. Iska ta fara ture su waje, Direba ya riga ya jingina mata. Da wutsiyar ta zo iskar ta juya tana janyo su ciki, ya riga ya jingina ɗaya gefen. Babur ko gezau. Direban tirelar ya danna oda sau biyu, gajeru, Direba ya ɗaga masa yatsu biyu.

"Ka san shi ne?" ta ƙwala masa a kunne.

"Na san abin da ya ɗauko. Siminti."

"A ina ka gani? A rufe take."

"Ba ki ji yadda take nishi ba?"

Mama ta zuba wa ƙeyarsa ido. Kansa ba ya zama wuri ɗaya: madubin hagu, gaba, madubin dama, gaba. Bayansa da take cewa ya ranƙwafa, yau a miƙe yake. Shekara talatin da shida tana wanke masa riguna masu baƙin mai, tana jin sunayen garuruwa a bakinsa, tana masifa in ya yi kwana tara bai dawo ba. Ashe ba ta taɓa ganin mutumin nan yana aikinsa ba sai yau. A gida ba ya iya gano takalminsa sai an nuna masa. A nan kuwa tun abu bai zo ba ya san da zuwansa.

Suka iso wani dogon hawa. Wata tanka cike da mai tana rarrafe a gabansu, hayaƙi baƙi ƙirin. Direba ya bi ta a hankali har mai tankar ya kunna masa sigina alamar hanya a buɗe take. Ya sauke giya, babur ya yi kuka kamar za a yanka shi, Mama ta karanto duk abin da ta iya. A hankali, a hankali, taya bayan taya, suka wuce ta. Ta waiga ta ga Manaja ma ya wuce ya biyo su.

Suna kaiwa ƙololuwar tudun, inda hanya ke shirin gangarawa, sai Direba ya ratse gefe kan tsakuwa ya tsaya. Ya juya yana kaɗa wa ɗansa hannu ƙasa-ƙasa, alamar ya tsaya shi ma. Manaja, ɗan shago, ya ɗauka cewa ake ya wuce. Ya ɗaga musu hannu da murmushi ya gangara, a hankali kuwa, yana jiran su cim masa.

"Ya mutu ke nan?" Mama ta ce. "Na dai ji kukan da ya yi."

"Lafiyarsa lau."

"To me muke jira?"

"Tanka. Ba a sauka gangara da mai kaya a baya. Hawa nata ne na wahala, sauka kuma ko ta so tsayawa kayan ba za su bar ta ba. Ni ɗari nake yi. Ita a nan sai abin da Allah ya yi." Yana magana idonsa na kan motar ɗansa da ke tafiyar hawainiya a tsakiyar layi. Fuskarsa ta canja. "Wannan yaron, madubi yake kallo yana neman mu."

Mama ta zabura. "Kira shi! Ga waya!"

"Ya ɗauki waya a gangara?"

Ya sauka daga babur, ya tsaya a bakin kwalta. Tankar ta ɓullo kan tudu tana huci. Direba ya ɗaga hannu sama, ya nuna gangaren, ya haɗa tafukansa ya nuna ƙaramin abu, sannan ya yi kamar yana jan giya baya, sau biyu, da ƙarfi. Mai tankar ya haska masa fitila. Suka ji injin ya canja murya, ya koma wani irin ruri mai kauri.

Duk da haka ta gangara. Daga sama suna kallo, tazarar da ke tsakaninta da farar motar Manaja tana raguwa kamar ana naɗe igiya. Hayaƙi ya fara tashi daga tayoyinta. Sai oda, doguwa, wadda ta cika kwarin gaba ɗaya. Mama ta damƙe hannun Direba har farcenta ya shige. Farar motar ta yi wani tsalle ta faɗa gefen hanya, ƙura ta tashi. Tankar ta wuce ta gefenta tana ruri, ta tafi abinta.

"Ya sha," Direba ya ce a hankali. Ya goge hannunsa a wando, ya ce ta hau.

Suka gangara ba gaggawa, ba kowa a bayansu. Suka tarar da Manaja a tsaye jikin mota, rigarsa sharkaf, takalmi ɗaya cike da tsakuwa. Mama ta shafa shi tun daga kai har kafaɗa tana salati. Ta jira ta ji abin da uban zai ce, don ita da ita ce, da sai ya ji a jikinsa. Direba ya zagaya motar, ya duba tayoyi huɗun, ya leƙa ƙasa ko wani abu na ɗiga. Ya ce, "Sha ruwa. Ka zauna minti biyar kafin ka taɓa sitiyari. In mun tashi ka bar tsawon mota shida tsakaninmu, inda na tsaya ka tsaya."

"To, Baba," in ji Manaja. Tun yana aji uku rabon da ta ji wannan "to" ɗin.

Azahar ba ta yi ba suka isa ƙofar gidan yayar. Direba ya kashe babur, ya zare makulli ya miƙa wa Mama, ya juya yana kwance kula kamar ba ruwansa. Amma kunnensa na nan, ta gani.

Manaja ya matso, ruwa ya dawo masa da baki. "Mama, amma dai kin gani da idonki. Ba ya gudu."

"Na gani. Ba ya gudu."

"To, ai shi ke nan."

"Kai da taka mai gudun, a ina muka tsinto ka?"

Manaja ya dubi takalminsa.

Ta cire hular kwanon, ta gyara ɗankwali, ta dafa ƙugu tana miƙe baya. Sai da ta ga Direba ya kwance robar ya sake ɗaurewa don rashin abin yi, sannan ta tako ta jefa masa makullin a aljihun gaba.

"Wannan sirdin na baya, wanda ya ƙera shi bai da uwa. A sa masa soso kafin Asabar."

Direba ya ɗago. "Asabar kuma? Da ke?"

"Da wa? Yayarka ai tawa ce." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma ka gaya wa Nas ni na ce. Kuma kada ka sake biyo mu, ba zan iya da fargaba biyu ba."

Ta karɓi kular daga hannun Direba, ta yi sallama ta shige, tana ɗan ɗingishi.